Tsohon Gem a Sabuwar Windows: Me Ke Hana Shi Tashi a Kwamfutocin Samaru?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya cire hannunsa daga Windows 10, bayan shekara goma yana kula da ita. Haka ya yi wa Windows 7 a Janairun 2020, haka kuma ya yi wa XP a Afrilun 2014. Duk lokacin da aka yi irin wannan sauyi, akwai kukan da ke biyo baya a shagunan gyaran kwamfuta na bakin titin Sakkwato a Samaru da na PZ a Sabon Gari, kuma kusan kalmominsa ba sa canzawa: “Injiniya, tun da ka sa mini sabuwar Windows gem ɗina ya daina tashi.” Wani in ya danna sai allo ya yi baƙi ya dawo, shiru kake ji. Wani sai ɗan akwati ya fito masa da sunan wani fayil da aka ce babu shi. Wani kuma gem ɗin zai tashi, amma maus ya ƙi juyawa, ko sauti ya ɗauke, ko 'yan ƙwallo su riƙa jan ƙafa a fili.

Amsar da aka fi bayarwa guda ce: a yi wa kwamfutar fomatin a mayar da ita Windows 7. A ganina wannan magani ya fi cutar haɗari, kuma sau da yawa ba a ma buƙatarsa. Amma kafin mu kai nan, ya kamata a gane dalilin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a wurinmu fiye da ƙasashen da aka ƙera wasannin.

A Turai ko Amurka, wanda ya nemo GTA San Andreas na 2005 begen ƙuruciyarsa yake yi. A ɗakunan kwanan ɗalibai na Suleiman da Danfodio a Jami'ar Ahmadu Bello, ko a gidajen haya na Hayin Dogo da Danraka, iyakar abin da kwamfutar za ta iya ɗauka ke nan. Laftof ɗin da ke hannun yawancin ɗalibai 'yar hannu ce, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda ofisoshin ƙasashen waje suka gama yayinsu, suka biyo ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Kano kafin su iso Zariya. An yi su ne domin rubutu da lissafi. Ba su da katin hoto na daban, sai ɗan abin da Intel ya haɗa a jikin furosesa, ram ɗinsu kuma gig 4 ne ko 8. Sabbin wasannin ƙwallo da na harbi kuwa, wasunsu gig 100 suke nema kafin ma a yi maganar ƙarfin na'ura. Ga kuɗin data da ya tashi a farkon 2025, bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100. Ga naira da ta zame daga wajen 460 a dala ɗaya a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ta tafi da burin duk mai tara kuɗin sabuwar kwamfuta. Shi ya sa PES 2013 da PES 2017 da FIFA 14, da Need for Speed Most Wanted na 2005, da Vice City, da IGI na shekarar 2000, ba su taɓa yin ritaya a garin nan ba. Suna yawo daga filashi zuwa filashi, yayye na bar wa ƙanne.

Sai ga Windows 11 ta fito a Oktoban 2021 da sharuɗɗan da ba a saba gani ba. Tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, tana neman furosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017, ko takwarorinsu na AMD. Laftof mai zubi na uku ko na huɗu ko na shida, waɗanda su ne suka cika hannun jama'a, ba ta cikin lissafi. Masu gyara sun san hanyar tsallake wannan shinge, da manhajar Rufus ko wata dabara, kuma Windows ɗin takan hau lafiya. Sai dai abin da mutum ke komawa gida da shi zamani uku ne a akwati guda: ƙarfen 2013, babbar manhajar 2021, gem ɗin 2005.

To me ke faruwa a ciki? Gem ba ya magana da ƙarfen kwamfuta kai tsaye. Duk abin da yake so, hoto ne ko sauti ko motsin maus, Windows yake roƙo ta kawo masa, kuma ta ƙofofin da aka nuna masa ranar da aka rubuta shi. Ka ɗauke shi tsohon mai cefane da ya haddace kasuwar Sabon Gari har ido rufe, ya san layin 'yan atamfa, ya san rumfar mai gishiri. Aka sake wa kasuwar fasali, kaya na nan amma rumfuna sun sauya wuri, wasu 'yan kasuwar ma sun tashi. Mutum zai tsaya ya yi tambaya. Gem ba ya tambaya. Inda aka rubuta masa nan zai je, in bai tarar ba ya tsaya cik.

Galibin ƙorafin da ake kaiwa shago na rumfar da ta sauya wuri ne kawai. Idan aka ɗora Windows daga filashi babu intanet, takan riƙe allon da wani direba na wucin gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter. Da shi za ka yi rubutu, ka buɗe hotuna, ka zaci komai lafiya lau, amma ba ya iya jan hoton gem yadda ya kamata. Mai gyaran da layi ya yi masa yawa, ga janareta na shan mai, yakan miƙa kwamfutar a haka. Akwai kuma maganar DirectX. Windows 10 da 11 suna zuwa da DirectX 12, sai mutum ya ɗauka tunda 12 ta fi 9 ai ta haɗiye ta. Ba duka ba. Wasu ƙananan fayilolin DirectX 9 Microsoft ya riƙa fitar da su daban har zuwa Yunin 2010, kuma ba sa zuwa da sabuwar Windows; su ne masu sunaye irin d3dx9_43.dll da ake gani a ɗan akwatin nan. Ƙunshinsu kyauta ne a shafin kamfanin, nauyinsa wajen meg 100. DirectPlay kuwa, wanda Vice City da San Andreas ke nema, yana nan cikin Windows, a kashe kawai yake, a ƙarƙashin Legacy Components, wurin da ake kunnawa da kashe sassan Windows. Haka fayilolin Visual C++ masu farawa da msvcr ko msvcp. Duk waɗannan aikin 'yan mintoci ne ga wanda ya sani, kuma ba su da alaƙa da tsufan gem ko lalacewar kwamfuta.

Akwai waɗanda ƙofa ta rufe musu da gaske. Windows mai bit 64 ba ta gudanar da manhajar DOS ko ta bit 16, ita kuma Windows 11 mai bit 64 ce kaɗai. Prince of Persia na 1990 da Dangerous Dave, waɗanda da yawa suka fara taɓa kwamfuta da su, ba za su tashi da kansu ba har abada. Wasu wasannin ƙarshen shekarun 1990 su kansu bit 32 ne, amma manhajar da ke girka su bit 16 ce, sai a tsaya tun a zaure. Microsoft da kansa ya sha wannan. Duk wanda ya zauna gaban XP ya san Pinball ɗin nan na sararin samaniya. Raymond Chen, ɗaya daga cikin tsofaffin injiniyoyin kamfanin, ya bayyana a 2012 cewa lokacin da suke mayar da Windows bit 64, ƙwallon ya riƙa ratsa abin da ke harba shi yana zubewa ƙasa. Wani kamfani ne daban ya rubuta wasan tun da farko, ba su gane kan rubutun ba, ga lokaci ya ƙure, sai suka ajiye shi. Bai zo a cikin Vista ba, bai kuma sake dawowa ba.

Inda maganar ta fi ɗaci shi ne makullin faifai. Tun ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin wasa suka riƙa sa wa faifansu kariya daga masu kwafa: SafeDisc na Macrovision, SecuROM na Sony, StarForce na Rasha. SafeDisc yana aiki ne da wani direba mai suna secdrv.sys da ke shiga can cikin Windows, inda manhaja ta yau da kullum ba ta kaiwa. A 2007 aka gano ɓaraka a jikinsa wadda mugu zai iya bi ya karɓe iko da kwamfuta. Da Windows 10 ta fito a Yulin 2015, ba ta yarda da shi ba, a Satumban shekarar kuma Microsoft ya tura sabuntawar da ta kashe shi a Vista da 7 da 8. Ta fuskar tsaro matakin daidai ne. Amma dubi wanda ya kwana a ciki: mutumin da ya biya kuɗinsa ya sayi faifan Most Wanted na asali, yana riƙe da shi a kwalinsa, ba ya tashi, wanda ya kwafo wanda aka fasa wa makulli, nasa na gudu. Kamfanin da ya sa makullin bai dawo ya buɗe wa mai saye ba. A lura kuma, komawa Windows 7 ma ba ya warware wannan matuƙar ta karɓi waccan sabuntawa.

A Zariya kaɗan ne suka taɓa riƙe faifan asali. Waɗanda aka riƙa saye a kasuwa, masu wasa goma ko ashirin a faifai ɗaya, da kirak ɗinsu, wato fayil ɗin da ke fasa makullin, suke zuwa. Saboda haka matsalar ta zo mana ta wata fuska. Windows 10 da 11 suna da mai gadinsu, Defender, wanda ba ya barci. Da ya ga fayil ɗin kirak sai ya ɗauke shi ya killace, sau da yawa mai kwamfutar bai ma lura ba, sai dai ya ga gem ya mutu bayan sauyin Windows. Shawarar da abokai ke bayarwa ita ce a kashe antibairos. Gaskiya ne wani lokaci Defender zargi yake yi ba da hujja ba, domin aikin kirak da aikin bairos suna kama da juna a idon na'ura. Amma wani lokacin gaskiyarsa ce: ana cusa manhajar satar kalmar sirri, ko mai amfani da kwamfutarka tana haƙar kuɗin intanet ga wani, a cikin irin waɗannan fayiloli. Ɗalibin da ya karɓo gem daga filashin da ya ratsa kwamfuta talatin ba shi da hanyar bambancewa. Wannan ne ya sa nake ɗaukar batun da muhimmanci, domin a kan wannan laftof ɗin yake rubuta furojet, a kanta yake shiga shafin rajista, a kanta yake ciro lambar Remita ya biya kuɗin makaranta.

Ba na wanke satar fasaha. Haƙƙin mai abu haƙƙinsa ne a addini da doka, kuma Najeriya ta sabunta dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Sai dai a faɗi ɗaya ɓangaren. Most Wanted na 2005 da PES 2013 ba a sayar da su yau a manyan kantunan intanet, ko da dala kake riƙe da ita. Binciken da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a Yulin 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka saki a Amurka kafin 2010 sun fita kasuwa. A Oktoban 2021 kamfanin Rockstar mai GTA ya janye San Andreas da Vice City na asali daga kantuna domin ya sayar da sabon zubi, sai da mutane suka yi ca a kansa saboda sabon ya zo da kurakurai, sannan ya yi alkawarin mayar da tsofaffin a kantinsa. Inda ake iya saye da halal, kamar GOG na ƙasar Foland da ya fara a 2008 yana gyara tsofaffin wasanni yana sayarwa ba makulli, can ya fi aminci nesa ba kusa ba, kuma a lokutan rangwame farashin kan sauko ƙwarai.

Wani lokaci kuma laifin na gem ɗin ne tun fil azal, sabuwar Windows tona shi kawai take yi. Akwai labarin da ya kamata malaman kimiyyar kwamfuta su riƙa ba ɗalibansu. A Oktoban 2024 aka saki sabuntawar Windows 11 mai lamba 24H2. Sai masu buga San Andreas suka lura wani ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, Skimmer, ya ɓace daga inda ake samunsa. Wanda kuma ya kirawo shi da dabara ya shiga, sai a cilla shi can ƙololuwar sama. Kowa ya ɗora wa Microsoft. A Afrilun 2025 wani mai gyaran tsofaffin wasanni da aka sani da Silent, wanda ya yi facin SilentPatch, ya bi diddigin abin. Ashe a fayil ɗin bayanan ababen hawa, layin Skimmer ya rasa lambobin girman taya. A Vice City jirgin ruwa aka lissafa shi, jirgin ruwa kuwa ba ruwansa da taya. Da aka mayar da shi jirgin sama a San Andreas, aka manta ba a ƙara lambobin ba. Shekara kusan ashirin gem ɗin yana leƙa gurbin da ba a cike ba, yana tsintar lambar da motar da ke gabansa a jeri ta bari a ƙwaƙwalwa, lambar kuwa ta dace. Da 24H2 ta ɗan sauya yadda take amfani da wannan wuri, lambar ta zama shirme. Gyaran bai wuce ƙara 'yan lambobi a layi ɗaya da Notepad ba. Haka batun gudu yake: an auna San Andreas ne da kwamfutar zamaninsa, in ka cire masa takunkumin saurin hoto a na'urar da ta fi ƙarfinsa, iyo ma sai ya gagara.

A nan dole a yi wa Microsoft adalci. Babu kamfanin da ya kai shi wahalar riƙon tsohuwar manhaja. Lokacin da ake shirya Windows 95 an gano SimCity yana komawa ya taɓa ƙwaƙwalwar da ya riga ya mayar. Maimakon a bar shi ya riƙa faɗuwa, aka rubuta wa Windows yadda za ta gane shi ta yi masa sassauci. Daga wannan ɗabi'a shafin Compatibility ya samo asali, inda ake ce wa Windows ta nuna wa gem fuskar XP ko ta 98. Apple kuwa a 2019, da macOS Catalina, ya datse duk manhajar bit 32 dare ɗaya. Android 14 ta 2023 ba ta karɓar manhajar da aka yi wa tsarin da ya girmi Android 6, shi ya sa wasu tsofaffin wasannin waya ke ƙin hawa sabuwar Tecno ko Infinix. Flash, wanda dubban ƙananan wasannin kafe suka dogara da shi, Adobe ya rufe shi ranar 31 ga Disamba, 2020.

Abin da ya fi damuna yana gaba. Wasannin 2005 suna raye a Samaru ne saboda cikakku ne a kan kansu: in da caji, ko babu netiwok, ko an ɗauke wuta, za a buga. Na yanzu da yawansu rabin jikinsu yana kan sabar kamfani. GTA IV ya dogara da tsarin Games for Windows Live. Da tsarin ya tsufa, sai da aka janye wasan daga kantin Steam a Janairun 2020, ya dawo a Maris babu sashen buga wasa da wasu ta intanet. Ubisoft ya kashe sabar The Crew a ƙarshen Maris na 2024, wasan ya mutu murus har a hannun waɗanda suka saya. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games na Ross Scott, wanda ya tara sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025. Konami ma tun 2021 ya mayar da PES zuwa eFootball, wanda kusan komai nasa sai da intanet. Mu da muke cin gajiyar fasaha bayan shekara goma ko sha biyar da fitowarta, wannan sauyi ya fi shafar mu: abin da ake bugawa yau a Landan ba lallai ya rayu har ya iso hannun ƙannenmu ba.

Kuma abin bai tsaya a wasa ba. Duk wanda ya yi aikin buga littafin Hausa a shekarun 1990 da farkon 2000 ya san haruffan Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira domin samar da ɓ da ɗ da ƙ, kafin tsarin Unicode ya wadata. Buɗe irin wannan fayil a sabuwar kwamfutar da ba ta da haruffan, ka ga yadda masu lanƙwasa ke rikiɗewa su zama wasu alamomi. Cutar ɗaya ce da ta gem. Haka wasannin da 'yan ƙasa suka yi: Abiola Olaniran ya kafa Gamsole, wasanninsa suka samu miliyoyin masu saukewa a Windows Phone, sai Microsoft ya yi watsi da wayar gaba ɗaya, wanda ba a mayar Android ba, samunsa yau sai an sha wuya. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, mai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, mai cibiyar kwamfuta da ke ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, mai Gidan Arewa a Kaduna inda ake adana takardun tarihi, ita ta fi cancanta ta fara tunanin adana manhaja da fayilolin da aka yi a ƙasar nan tare da na'urar da za ta iya buɗe su. Ɗalibin ajin ƙarshe da ya ɗauki wannan a matsayin furojet ya yi aikin da za a amfana da shi.

Mu dawo kan fomatin. Windows 7 ba ta ƙara samun gyaran tsaro na kyauta ba tun 14 ga Janairu, 2020. Chrome ya tsaya mata a zubi na 109 a farkon 2023, Steam ya bar ta ranar 1 ga Janairu, 2024. Duk ɓarakar da aka gano bayan nan a buɗe take. A Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin gwamnatin Birtaniya suka riƙa mayar da marasa lafiya, kuma mafi yawan na'urorin da ya kama Windows 7 ce da ba a sabunta ba, a lokacin ma tana da gata. Mayar da laftof ɗin karatu da banki kan wannan turba domin PES 2013 ya tashi ciniki ne na asara. Ban da haka, fomatin da aka yi cikin gaggawa shi ke tafiya da babin furojet da hotunan biki da ba a kwafe ba.

Hanyar da ta fi ita ce a bi abin daki-daki, daga mai arha. A fara duba direban hoto, a ɗauko na asali daga shafin Intel ko na kamfanin laftof ɗin. A girka DirectX na Yunin 2010 da ƙunshin Visual C++ daga Microsoft, kada a je ana tsinto fayil ɗin dll ɗaya-ɗaya daga shafukan da ba a sani ba, domin nan ma tarko ne. A kunna DirectPlay. A gwada Compatibility. Yawanci a nan magana ke ƙarewa. In ta ƙi, akwai aikin 'yan sa-kai da suka shafe shekaru suna yi kyauta: SilentPatch ga jerin GTA, dgVoodoo2 mai fassara wa sabon katin hoto yaren tsohon DirectX, DOSBox da ya fara fitowa a 2002 domin wasannin DOS, da shafin PCGamingWiki inda kusan kowane wasa ke da jerin cututtukansa da magungunansu. Ana iya gina XP a cikin VirtualBox, amma a laftof mai ram gig 4 ba zan ba da shawarar haka ga wasan ƙwallo ko na tsere ba. Ya fi dacewa da Zuma da ire-irensa. Wanda kwamfutarsa ta gaza Windows 11 yana iya duba Linux, inda manhajar Wine, da Proton na kamfanin Valve, kan tayar da wasu tsofaffin wasannin Windows da ita kanta Windows ta yanzu ke wahala da su, kodayake sai an yi haƙurin koyo.

Matasa da yawa ma sun riga sun zagaye matsalar. PPSSPP, manhajar da Henrik Rydgård ya fitar a 2012, ta mayar da wayar Android tamkar na'urar wasa ta PSP, kuma da ita ake buga PES mai sabbin 'yan wasa da sabbin riguna a ko'ina cikin gari. Gidajen gem kuwa ba su san wannan ciwon kai ba: PlayStation 2 ta shekarar 2000 ba ta sauya babbar manhaja, abin da ta karanta jiya shi za ta karanta gobe. Darasin da ke ciki mai amfani ne ga mai kwamfuta. In har akwai wasan da ya ƙi komai sai XP ko 7, a nema masa tsohuwar kwamfutar tebur, ko a raba rumbun ajiya gida biyu, a bar tsohuwar Windows a ɓangare guda, a hana ta intanet kwata-kwata, kada a shiga banki ko imel da ita.

Kirana ga masu gyara ne, na Samaru da na PZ, domin ku ake kawo wa kuka kuma maganarku ake ɗauka. Ku ware filashi guda mai tsabta, ku zuba direbobin hoto na laftof ɗin da suka fi yawa a gari, da DirectX 9, da Visual C++, da DOSBox, duk daga tushensu. Ku caji kuɗin gyaran gem a matsayin aiki mai zaman kansa, ba wanda zai ƙi biya in ya ga ƙwallo na gudu. Ɗalibin da ya zo yana roƙon a mayar masa da Windows 7, ku tambaye shi ko da wannan kwamfutar yake biyan kuɗin makaranta. In ya ce e, kada ku mayar.